Geron da Aka Gani a Ƙirjin Gwaggo

Wata uku Gwaggo ta yi tana tari kafin wani a gidan ya ji, kuma ranar da aka ji ɗin ma ba don ita aka ji ba. Ta shiga shara ne a ɗakin tantabaru da safe, tarin ya sarƙe ta, wata farar tantabara da ke kwance kan ƙwai ta firgita ta tashi, ƙwai ɗaya ya gangaro ya fashe.

Maigidan ya fito a guje, buroshi a baki, kumfa har gemu.

"Haba Yaya! In za ki yi tari ba sai ki fita waje ba? Kin san wannan ba ta son hayaniya."

"Yi haƙuri, Auta," in ji Gwaggo, tana dafe da bango. "Bai yi mini sallama ba kafin ya zo."

Auta shekararsa hamsin da biyu, ga tumbi, ga furfura, ga shagon sayar da fenti a bakin titi, amma a bakin Gwaggo bai taɓa tashi daga Auta ba, don ita ta goye shi. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidansa, shekara tara ke nan. A gidan akwai matarsa, da yara huɗu 'yan makaranta, da tantabaru sittin da ɗaya waɗanda ya gina wa ɗakin bulo a bayan gida. Kowace tantabara ya san ta, ya san uwarta, ya san ranar da aka ƙyanƙyashe ta. Shekarun 'ya'yansa kuwa sai ya tambayi matarsa.

Tarin bai tsaya ba. Zazzaɓi ya soma zuwa mata kowace yamma kamar mai aikin gadi. Zanin da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma yana neman zagaye ta sau biyu.

"Sanyi ne," in ji matar gidan. "Yaya ba ta jin magana, kullum hannunta cikin ruwa." Ta faɗi haka ne tana ajiye mata kwandon wankin yara a gaba.

"Tsufa ne," in ji Auta. "Ni ma jiya gwiwata ta yi ƙara."

Da haka aka tafi har ranar da babbar 'yarsa ta zo gaisuwa. Ita ta yi aure a wata unguwa, tana koyarwa a firamare, kowa Malama yake ce mata, har ubanta in yana son a zauna lafiya. Ta zauna a tsakar gida ta ga Gwaggo ta ɗauko bokiti daga famfo, ta huta sau uku kafin ta kai igiyar shanya. Taku goma ne tsakaninsu.

"Baba, gobe asibiti."

"Gobe ina da..."

"To ni zan kai ta. Kuma duk wanda ya tambaye ni ina ƙanenta, zan ce yana gida yana ba tantabara magani a baki."

Washegari tun kafin takwas Auta ya saka babbar riga.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirjin Gwaggo. Likitar, wata mace siririya mai tabarau, ta maƙala hoton a jikin allo mai fitila. Gwaggo ta ga haƙarƙarinta a fili, ta ja mayafi ta rufe ƙirji, kunya ta kama ta.

"Mama, kin ga nan ya kamata ya zama baƙi wuluk, iska ce zalla," in ji likitar, tana nunawa da biro. "To dubi waɗannan ɗige-ɗigen. Ƙanana ne, kusan girmansu ɗaya, sun cika huhun dama da na hagu, sama da ƙasa. Kamar an ɗebi gero an watsa. Mu ma a littattafanmu da gero ake kwatanta su."

Auta ya miƙe tsaye, ya buga cinya.

"Gero! Wallahi na faɗa! Wata biyu ke nan buhun geron tantabaruna yana raguwa, ana ce mini ɓera ne. Haba Yaya, in kina sha'awa ba sai ki tambaye ni ba?"

Malama ta rufe fuska da hannu biyu. Likitar ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Malam, abinci ciki yake tafiya, ba huhu ba. Ba gero ba ne. Kama ce kawai."

"To, ni dai buhu ya ragu," in ji Auta, ya koma ya zauna.

Likitar ta yi musu bayani a hankali. Ta ce hoto ba ya faɗin sunan cuta, yana nuna sawunta ne kawai, kuma cututtuka da yawa sawunsu ɗaya. Mafi yawan lokaci tarin fuka ne da ya bi jini ya bazu, don haka shi za a fara nema. Amma ƙurar fasa dutse tana iya kawo haka in an daɗe ana shaƙa, wata irin fumfuna ma tana kawowa, wani lokaci kuma ciwon daji ne da ya taso daga wani wuri a jiki. Ta ce a kawo majina a gwada, a ɗebi jini, su dawo bayan mako guda.

Abu huɗu ta lissafa. Ɗaya kaɗai ya iso gida.

"Tarin fuka?" Matar gidan ta dafe ƙirji, ta ja baya har ta taka faranti. "Mun shiga uku! Kuma a ɗakin yara take kwana!"

Kafin azahar an fitar da katifar Gwaggo. Wurin da ya rage a gidan shi ne ɗan sito da ke manne da ɗakin tantabaru, bango ɗaya suka haɗa, kuma a saman bangon akwai taga ba murfi. In tsuntsayen suka kaɗa fiffike, ƙura da ƙananan gashi su gangaro mata kan matashi.

"Nan ya fi miki iska," in ji Auta. "Kuma ga abokan hira."

Sannan ya je shago ya ɗauko ragowar jan fenti. Ya ɗiga wa kofinta, ya ɗiga wa farantinta da cokalinta da butarta. Da abin ya yi masa daɗi, ya ɗiga wa takalmanta, ya ja layi a ƙasa daga ƙofar sito zuwa famfo, ya ce nan ce hanyarta. Gwaggo ta tsaya tana kallo.

"Auta, ni ma miƙo goshina zan yi?"

"Yaya ke komai sai kin mai da shi wasa."

Cutar ta zama mai hankali ƙwarai a gidan nan. Tana bin cokali, tana bin kofi, tana bin tabarmar da ake hira a kai. Amma ba ta bin wanki, ba ta bin guga, ba ta bin wanke-wanke muddin an ƙara ɗauraya. Sharar ɗakin tantabaru kuwa, tunda ga shi a bakin ƙofarta, ai ba sai an faɗa ba.

Ranar komawa asibiti Malama tana makaranta, Auta kaɗai ya raka ta. Likitar ta ce ba a ga komai a majina ba, amma wannan bai wanke tarin fuka ba, don irin wanda ke bazuwa haka sau da yawa ba ya fitowa a majina. Ta jawo takarda.

"Mama, zan yi miki tambayoyi, amsarsu ta fi hoton muhimmanci. Akwai mai tari a gidanku, ko wanda kika yi jinya?"

"Babu," in ji Auta.

"Kin taɓa aiki inda ake fasa dutse, ko niƙa, ko haƙar ƙasa?"

"Wa? Yayata? Ina raye?"

"Wane aiki kike yi a gida? Akwai inda kike shaƙar ƙura, ko kaji, ko wasu tsuntsaye?"

Gwaggo ta buɗe baki, Auta ya riga ta.

"Likita, ba ta aikin komai. Komai! Tun da ta zo gidana na ce ta huta. Ci, sha, barci. Tsuntsaye kuwa nawa ne, ni nake kula da abina, ko kusa ba na bari a je musu."

Likitar ta dubi Gwaggo ta saman tabarau. "Haka ne, Mama?"

Gwaggo ta dubi ƙanenta. Ya gyara hula, yana murmushin mutumin kirki. Ta yaya za ta tsinka shi a gaban baƙuwa, mutum da gemunsa?

"Yana ƙoƙari," ta ce.

Likitar ta rubuta abin da aka gaya mata. Ta ce jira yana da haɗari, don haka za a fara maganin tarin fuka, a ga yadda jiki zai karɓa. Ta ce in shi ne, cikin 'yan makonni za a ga sauƙi.

Gwaggo ta sha magani kamar yadda aka ce, kullum da safe kafin ta ci komai, ba ta tsallake ko rana ɗaya ba. Mako biyu, mako huɗu, mako shida. Sauƙi bai zo ba. Numfashinta ya koma gajere, in ta yi magana sai ta raba ta biyu ta huta a tsakiya. Zoben da mijinta ya bar mata ya zame daga yatsa ya faɗa ruwan wanki. Tsayuwa ta gagare ta a ɗakin tantabaru, sai ta durƙusa tana kankare busasshen kashin da ya daskare a ƙasa, ƙura tana tashi fari fat, tana shiga mata hanci da baki.

Auta ya gan ta a haka wata safiya, tausayi ya kama shi. Ya je wurin kafinta ya sa aka yi mata 'yar kujera, don ta riƙa yi a zaune. Kwana uku yana ba maƙwabta labarin kujerar.

"Anya tana shan maganin nan kuwa?" in ji matar gidan. "Tsofaffi fa sun iya ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe."

"Rashin motsa jiki ne," in ji Auta. "Mutum in ya cika zama, jini daskarewa yake yi."

Ranar wata Asabar Malama ta zo ta tarar da ita zaune a kan layin jan fentin, bokiti ya kife, ruwa ya jiƙa mata zani, ta kasa tashi. Yaran suna leƙe ta taga, an hana su matsowa. Malama ta fita ta taro tasi, ta ɗauki Gwaggo cak kamar jaririya. Sai a lokacin ta fashe da kuka, don ba ta ji nauyin komai a hannunta ba.

Auta ya biyo su a baya yana gyara babbar riga.

Da likitar ta ga Gwaggo, fuskarta ta canza. Ta sa aka saka mata robar iska a hanci, ta sake ɗaukar hoto. Ɗige-ɗigen sun ƙaru. Ta jawo kujera kusa da gadon.

"Likita, kamar yadda na gaya miki..." Auta ya fara.

"Malam, don Allah a taimaka a jira mu a waje."

"Ni ne fa ƙanenta."

"Shi ya sa na ce don Allah."

Da ƙofa ta rufu, likitar ta ce, "Mama, ba zan tambaye ki aiki ba. Ki ba ni labarin jiya kawai. Da kika tashi, me kika fara yi?"

Wannan tambaya ba ta da tsinka kowa a ciki, don haka Gwaggo ta amsa. Ta ce ta ɗora ruwan wankan yara. Ta share tsakar gida. Ta shiga wurin tantabaru, ta zuba musu hatsi, ta canza ruwa, ta kankare kashi, ta kwashe a buhu.

"Tantabaru nawa?"

"Sittin da huɗu yanzu. An samu ƙaruwa."

"Kullum kike shiga?"

"Safe da yamma."

"Tun yaushe?"

"Tun da na zo. Amma bana ne Auta ya ce a haƙe tsohon kashin da ya taru a ƙasa, wani mai lambu yana so. Wata guda na yi ina haƙa. Bayan nan ne tarin ya fara."

"A ina kike kwana?"

Malama ce ta amsa wannan, kuma da ta fara ba ta tsaya ba sai da ta kai kan kujerar kafinta. Likitar ta cika shafi, ta juya, ta cika bayansa. Ba ta kai ga azahar ɗin jiya ba takardar ta ƙare.

Aka kwantar da Gwaggo. Aka ɗebi jini da fitsari aka aika babban ɗakin gwaji, aka saka ta cikin wata na'ura mai kama da bakin rijiya aka ɗauki hoton huhun dalla-dalla. Kwanakin jiran sakamako su ne hutun farko da ta samu a shekara tara, kuma ba ta san yadda ake yin sa ba. In mai shara ta shigo, sai Gwaggo ta ɗaga ƙafa tana ba ta haƙuri. Wata rana nas ta kama ta tana ninke zanen gadon maƙwabciyarta, robar iska tana jan ta a hanci.

Ranar da sakamako ya fito, likitar ta tara su duka, har da matar gidan, wadda ta tsaya can bakin ƙofa da gefen mayafi a hanci.

"Ba tarin fuka ba ne," in ji likitar. "Fumfuna ce, irin wadda ke tsirowa a ƙasar da kashin tsuntsaye ya daɗe yana taruwa. In aka tone ta a bushe, sai ta bi ƙura ta shiga huhu. Mutane da yawa suna shaƙa ba ta yi musu komai. Amma wanda ya shaƙa da yawa, ga shekaru, ga gajiya, tana iya kayar da shi. Akwai magani. Za a fara da na ƙarin ruwa a nan, sannan ta sha ƙwayoyi wata da watanni, wataƙila shekara. Da an gaya mini gaskiya tun zuwa na biyu, da ba mu ɓata mako shida ba."



"Ana ɗauka?" in ji matar gidan ta cikin mayafi.

"Ba a ɗauka daga mutum. Ki sha ruwa a kofinta in kina so."

Matar gidan ta sauke mayafin a hankali, kamar dama zafi ne ya dame ta.

Auta ya yi gyaran murya. Fuskarsa ta nuna damuwa ta gaske, har Gwaggo ta ji zuciyarta ta yi sanyi.

"Likita, tambaya ɗaya. Tunda ta daɗe tana yi wa tantabarun nan tari a kai, anya su ba ta shafa musu ba?"

Likitar ta rufe fayil ɗin. Ta ce abu ɗaya za ta faɗa masa, kuma ya riƙe shi da kyau: matar nan ba za ta sake zama kusa da ɗakin tantabarun ba. Ko su, ko ita.

Mako uku Gwaggo ta yi a asibiti. Zazzaɓi ya sauka, ta fara cinye abincinta, har ta soma yi wa nas-nas faɗa a kan yadda suke matse tsumma. A mako ukun nan Auta ya yi tunani mai zurfi, ya kuma zo da sakamakonsa ranar sallama.

"Na duba maganar likita," ya ce wa Malama a barandar asibiti, Gwaggo tana zaune tana ji. "Ba ta ce a kori kowa ba. Cewa ta yi a raba su. To su sittin da huɗu ne, wasu suna kan ƙwai. Tantabara kuma ko ka kai ta bangon duniya gida take dawowa. Yaya kuwa mutum ce mai hankali, duk inda aka kai ta za ta zauna."

"Baba, ka ji abin da ka faɗa kuwa?"

"Don lafiyarta nake yi! Gidanki ba ƙura. Ni in don ta ni ne, Yaya ta mutu a ɗakina."

"Saura kaɗan ai," in ji Malama.

Matar gidan ita ce ta fi kowa nuna baƙin ciki, kuma nata na gaskiya ne. Tun da aka kwantar da Gwaggo take wanki da hannunta. "Yanzu Yaya tafiya za ki yi ki bar mu? Yaran nan fa sun saba da ke. Ko rana-rana ki riƙa zuwa mana, ki koma da yamma?"

Gwaggo ba ta yi musu da kowa ba. Suka biya gidan da hantsi don ɗaukar kayanta. Ita tana cikin tasi, ba a bar ta ta shiga ba. Malama ta shiga ta fito da jaka ɗaya da bargo. Shekara tara, jaka ɗaya, kuma ba ta cika ba. Maƙwabta suka fito suna sa wa Auta albarka: ya kai yayarsa asibiti, ya tsaya a kanta, yanzu kuma ga shi ya haƙura da ita ya bar ta ta je ta huta. Irinsa sun yi ƙaranci a zamanin nan, in ji su. Auta ya sunkuyar da kai yana karɓa. Ba wanda ya tambayi abin da ya kwantar da ita. A gidaje da yawa akwai mace irin wannan a ɗakin baya, wadda in baƙo ya tambaya sai a ce tana nan tana hutawa, kuma ba a sanin abin da take ɗauke da shi sai ranar da ta ajiye.

Tasi ta tashi. Ba su kai kwanar layin ba suka ji ihu a baya.

"Yaya! Yaya! Ku tsaya!"

Gwaggo ta waiga. Auta ne a guje, ba takalmi, ba hula, tumbi yana rawa. Rabon da ta ga yana gudu haka tun yana yaro, in za ta tafi kasuwa ta bar shi.

"Tsaya, direba," ta ce. "Tsaya, ɗan'uwana ne."

Ya iso yana haki, ya dafa tagar motar, ya kasa magana. Gwaggo ta miƙa hannu ta dafa nasa. Ta riga ta yafe masa tun kafin ya buɗe baki.

"Yaya," ya ce, da numfashi ya dawo, "ina kike ajiye tsintsiya?"

Malama ta juyar da kai ta dubi titi. Direban ya dubi sitiyari.

Gwaggo ta daɗe tana kallon ƙanenta. Sannan ta janye hannunta, ta gyara mayafi.

"Tana bayan ƙofar ɗakinka, Auta. Kullum kana wuce ta." Ta ja numfashi. "Ka yayyafa ruwa kafin ka fara. Ka ɗaure hancinka da ƙyalle mai kauri, kada ka yi wasa da wannan."

Ta taɓa kafaɗar direba.

"Mu je, ɗana."